Yadda Ake Haɗa Allon Lantarki Mai Hawa Huɗu a Gida

Duk wanda hannunsa ya faɗa da yin allon lantarki mai fuska biyu, wato abin da masu gyara ke kira bod, tambayar da yake yi daga nan ita ce: shin za a iya yin mai hawa huɗu a gida? Ana iyawa, amma ba ta hanyar da masana'anta ke bi ba. Su suna da injin matsi mai zafi da sinadaran da ke shimfiɗa jan ƙarfe a cikin kowane rami. Kai abin da za ka yi shi ne ka haɗa alluna biyu sirara masu fuska biyu-biyu, ka gama duk haɗin da ya shafi ciki tun suna a buɗe, sannan ka manne su da gam. Da zarar gam ya kama, hawa na 2 da na 3, wato biyun ciki, sun shige inda hannu ba ya kaiwa har abada. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Maganar kuɗi kuwa, gara a faɗe ta tun yanzu. Idan allo ɗaya ko biyu kake so kuma kana iya jira, yin oda daga masana'anta ya fi sauƙi fiye da sayen kayan nan daga farko. Aikin gida yana da riba ne ga wanda ya riga ya mallaki fitilar UV da injin huda, ko mai son gwada zane cikin kwana biyu, ko mai son ya san sana'ar ciki da bai. Injin huda da bakunansa su ne za su fi cin kuɗi, sinadarai ba su kai su ba.

1. Kayan aiki

Allunan FR4, wato fallen zaren gilashi da ake yin bod da shi, guda biyu masu jan ƙarfe a fuska biyu, kaurin milimita 0.6, jan ƙarfen mai kaurin maikuron 35 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Sai falle ɗaya na FR4 mai kaurin milimita 0.4 wanda babu jan ƙarfe a jikinsa, shi ne zai zauna a tsakanin biyun; idan ba ka samu ba, ka cinye na wani da sinadari. Ukun nan idan sun haɗu sun ba ka milimita 1.6 da ɗan ɗoriyar gam, daidai kaurin allon da aka saba.

Sauran su ne: ledar firinta mai ratsa haske, firinta mai hoda, busasshen fim mai jin haske, na'urar laminetin, fitilar UV, sodiyam kabonet, sodiyam fasalfet ko ferik kulorayid, kostik soda, gam ɗin ifoksi mai ruwa biyu mai daɗewa kafin ya bushe, fil na ƙarfe mai kaurin milimita 3 guda uku, farantan alminiyam biyu masu kaurin milimita 6 zuwa 10, abin matsewa guda huɗu, injin huda mai tsayuwa a kan ƙafarsa, bakunan huda na kabayid, siririyar wayar jan ƙarfe ko ƙananan ƙusoshi masu rami, dalma iri biyu, tabarau mai ƙara girma, ƙaramin sikeli da mita.

Kada ka sayi ifoksin nan mai bushewa cikin minti 5. Kafin ka gama shafawa ya fara kamawa, kuma ba ya jure zafin ayan, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi.

2. Zane: nan ake cin nasara ko a faɗi

A KiCad ko duk manhajar da kake amfani da ita, tsara hawan haka: na 1 layukan sama, na 2 shimfiɗar giraun (hanyar da wuta ke komawa ta cikinta), na 3 shimfiɗar wuta, na 4 layukan ƙasa. Hawa na 1 da na 2 suna kan allo na farko, na 3 da na 4 suna kan na biyu. Ka bar hawan ciki su zama shimfiɗa kawai, kada ka cusa musu ƙananan layuka a gwajinka na farko. Layin da ya yanke a waje ana gyara shi da guntun waya, wanda ya yanke a ciki kuwa sai dai a jefar da allon.

Ramukan haɗi iri uku ne kawai za ka yarda da su: mai haɗa 1 da 2, mai haɗa 3 da 4, da mai ratsawa daga 1 zuwa 4 ba tare da ya taɓa komai a ciki ba. To idan ƙafar wani abu a hawa na 1 tana son wuta daga hawa na 3 fa? Sai ka sauko da ita ta rami mai ratsawa zuwa hawa na 4, ka ja ɗan gajeren layi, ka koma ciki ta ramin 4 da 3. Ramuka biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma suna cin fili, amma wannan dabara ce ke raba ka da buƙatar taɓa jan ƙarfen ciki bayan manni. Haka za ka yi wa abin da ke hawa na 4 mai neman giraun.

Ma'aunan da hannu ke iya cikawa: faɗin layi milimita 0.3, tazara tsakanin layuka 0.3, rami 0.8, zoben da ke kewaye da rami 1.8. A hawan ciki, duk inda rami mai ratsawa zai bi, ka share jan ƙarfe da'irar da ta fi ramin da milimita 1 aƙalla, wato rami 0.8 ya samu fili 1.8 ko ma 2. Manhaja za ta ba ka ƙaramar tazara irin ta masana'anta, kada ka karɓa. Gocewar milimita 0.3 abu ne da ke faruwa kullum a aikin hannu, kuma ita kaɗai ta isa ta haɗa wuta da giraun.

Akwai wasu abubuwa uku da ake mantawa. Zoben haɗi a kan shimfiɗa ya zama mai 'yan ƙafafu huɗu, ba a haɗe gaba ɗaya ba, in ba haka ba shimfiɗar za ta zuƙe zafin ayan dalma ta ƙi narkewa. Kada ramin 1 da 2 ya fuskanci ramin 3 da 4, kuma a share jan ƙarfen da ke fuskantar kowannensu a ɗaya allon. Sannan jan ƙarfen hawa na 2 da na 3 su yi kusan yawa ɗaya, don kada allon ya lanƙwashe. Idan ka yi shimfiɗar kamar raga maimakon cikakkiya, gam zai samu inda zai kama jikin FR4 kai tsaye, manni ya fi ƙarko.

Ga masu aikin rediyo: tunda tsakanin layi da giraun milimita 0.6 ne, layi mai om 50 zai kai faɗin kusan milimita 1.1. Ka lissafa da wannan kaurin, ba da na masana'anta ba.

A gefen zane, wajen iyakar allo, ka sa alamar ramukan fil guda uku. Kada su yi daidai wa daida: biyu a gefe ɗaya, na ukun a ɗaya gefen ya ɗan karkace, yadda allon ba zai taɓa shiga a juye ba. Ka rubuta lambar kowane hawa da jan ƙarfe a gefensa, ka kuma ja layi mai tsawon milimita 100 don awo.

3. Ramukan fil

Yanka fallayen uku su fi zanen da santimita 1.5 ta kowane gefe. Jera su, ka ɗaure da salatif, ka huda ramukan fil ɗin uku a lokaci ɗaya da baki mai milimita 3. Lokaci ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Fil ya shiga da ɗan ƙarfi; idan yana rawa a ciki, daidaiton ya tafi tun ba a fara ba. Ka yi alamar sama a kan kowane falle.

Ƙurar FR4 garin gilashi ce. Sa takunkumi, ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura ta da baki.

4. Buga zane a kan leda

Busasshen fim yana taurara ne a inda haske ya taɓa, don haka da launi a juye ake buga zanen: inda kake son jan ƙarfe ya zama fari, sauran baƙi. Fuskar da hoda ke kai ita ce za ta kwanta a kan allo, domin kaurin ledar kansa yana barin haske ya kutsa ta gefe ya ɓata sirarin layuka. Saboda haka fuskokin da ke kallon sama, wato 1 da 3, ana buga su a juye kamar a madubi, 2 da 4 kuwa yadda suke. Mutane da yawa sun rikice a nan. Hanyar tabbatarwa: ɗora ledar a inda za ta zauna, idan lambar hawan ta karantu daidai kana kallon wannan fuskar, ka yi daidai.

Zafin firinta yana sa leda ta ɗan tsuke ko ta miƙe, kuma ba daidai ba a tsaye da kwance. Ka buga dukkan huɗun da firinta ɗaya, a fuskanta ɗaya, a wuri ɗaya na shafi. Auna layin nan na milimita 100 a kowace. Sannan ɗora huɗun a kan juna a gaban haske ka duba kusurwoyi da tabarau. Idan sun saɓa da fiye da milimita 0.2, sake bugawa. Leda ta fi allo araha.

5. Fitar da alluna biyun

Wannan aikin allo mai fuska biyu ne da ka sani, sau biyu. Goge jan ƙarfen da soso mai kaushi har ya yi haske, ka wanke. Idan ruwa ya kwanta a kai bai tattaru ɗigo-ɗigo ba, ya tsabtata. Manna fim da laminetin a zafin digiri 100 zuwa 110, a ɗaki mai ƙarancin haske. Fasa fim ɗin a kan ramukan fil, ka daidaita alamar leda da ramin a kan haske, ka kafe da salatif, ka danne da gilashi. Tsawon lokacin haskawa ya danganta da fitilarka, sai ka gwada a kan guntu tukuna.

Wanke fim da giram 10 na sodiyam kabonet a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 30. Cin jan ƙarfe kuma da giram 200 zuwa 250 na sodiyam fasalfet a lita, a zafin digiri 40 zuwa 50, kana girgiza robar. Cire ragowar fim da kostik soda, giram 30 zuwa 50 a lita.

Safar hannu da tabarau wajibi ne, musamman wajen kostik, don yana makantarwa. Kada ka rufe ruwan fasalfet a kwalba mai matsattsen murfi, yana fitar da iska har kwalbar ta fashe. Ferik kulorayid yana cin kwanon ƙarfe, sai roba ko gilashi. Ruwan da ya ci jan ƙarfe guba ne ga kifi da shuka, a tara shi a jarka a kai inda ake karɓar sharar sinadari, ba a zuba shi a magudana ba.

6. Haɗin ciki

Yanzu huda ramukan 1 da 2 a allo na farko, da na 3 da 4 a na biyu. Masu ratsawa ka bar su tukuna. Bakin kabayid ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi da zarar an matsa shi gefe, shi ya sa ba a riƙe injin a hannu. Bakin ƙarfe na gama-gari kuma zaren gilashi yana dakushe shi bayan 'yan ramuka, ya fara ɗaga jan ƙarfe. Sa katako mai laushi a ƙasa.

Zura ƙusa mai rami ta fuskar ciki ka buɗa bakinta ta waje, ko ka zura waya ka yanke ta gab da allo. Like fuska biyun da dalma. Ta ciki ka yi rowar dalma, sannan ka bi da ƙaramin zarto har tudun ya sauka ƙasa da milimita 0.2. Idan ka shafa da yatsa, ɗan tudu kaɗan ya kamata ka ji, babu tsini ko ɗaya. Tsini shi ne ke huda abin da ke tsakani.

A nan ne dalma iri biyu ke da amfani. Mai gubar nan ta 63/37 tana narkewa a digiri 183, marar gubar irin SAC305 kuwa sai kusan 217. Yi haɗin ciki da mai wuyar narkewa, ka bar mai sauƙin don ɗora kaya daga baya. Ta haka zafin da za ka sa a waje ba zai saki haɗin da ke binne ba. Ka kuma cike ramin kowace ƙusa da dalma, in ba haka ba gam zai ɓullo ta ciki ya malale a kan zobban waje.

A fallen tsakiya, huda rami mai milimita 2.5 a daidai kowane tudu don ya samu wurin zama. Abin da ya sa aka share jan ƙarfen da ke fuskantarsa tun a zane ke nan.

7. Gwaji kafin manni

Kada ka tsallake wannan ko da dare ya yi. Da mita a saitin da take ƙara idan akwai haɗi, bi kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan lanƙwasa allon a hankali. Haɗin da ƙararsa ke ɗaukewa yana dawowa, sake shi. Ɗaga allon a gaban haske ka duba kowace da'irar da aka share, ko akwai silin jan ƙarfe da ya rage. Sannan jera fallayen uku a kan fil ba tare da gam ba, ka matse su da hannu, ka auna tsakanin wuta da giraun. Mita ta yi shiru. Ta yi ƙara, to akwai tudun da ke taɓa inda bai kamata ba, kuma yanzu ne kawai za ka iya ganinsa.

8. Manni

Wanke fulaks, wato maiƙon da likin dalma ke bari, tas da alkohol, domin gam ba ya kama shi. Goge fuskokin ciki da fallen tsakiya da soso mai kaushi, jan ƙarfe mai santsi ba ya riƙe ifoksi. Daga nan sa fallayen a obin mai zafin digiri 100 zuwa 110 na awa ɗaya ko biyu. FR4 yana shan laima, kuma laimar da aka rufe a ciki tana zama tururi ranar da ayan ya taɓa wurin, sai ka ga farin kumburi ya taso a ƙarƙashin layi. Obin ɗin da aka yi wannan aiki a ciki ba a gasa abinci da shi. Bayan sun huce, gefe kawai za ka riƙa kamawa.

Rufe fuskokin waje da salatif mai faɗi. Shafa ɗan baselin a jikin fil don su fita daga baya, amma kada ya taɓa fuskar da za a manna. Auna ruwan gam biyun a sikeli daidai yadda kamfanin ya rubuta. Ƙara ruwan taurarawa ba ya sa ya yi ƙarfi, sai ma ya bar shi da danƙo. Juya a hankali na minti uku, ka ajiye shi kumfa ta taso.

Shafa siriri da tsohon kati a kan dukkan fuskoki huɗun da za su haɗu, ka cike ramukan fallen tsakiya. Saukar da kowane falle a kan fil daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, kamar rufe littafi, don iska ta samu hanyar fita. Sa ledar folitin sama da ƙasa, ifoksi ba ya kama ta. Farantan alminiyam su kasance da ramukan da fil zai shige. Matse kusurwa da kishiyarta, kaɗan-kaɗan, kana zagayawa, har gam ya fito siriri ta kowane gefe. Nan za ka tsaya. Idan ka ci gaba za ka kore gam ɗin gaba ɗaya, idan kuma gefe ɗaya bai fitar ba, akwai iska a wurin. Bar shi awa 24, ko abin da takardar gam ɗin ta ce. Idan ta yarda da gasawa bayan bushewa, yi hakan yana cikin matsi, yana ƙara masa juriyar zafi sosai.

Wanda ya samu firifireg, wato ƙyallen gilashi mai ɗanyen gam da masana'anta ke amfani da shi, zai samu manni mafi inganci. Sai dai yana son zafin kusan digiri 175 zuwa 180 na awa ɗaya ko fiye, da matsi mai ƙarfi da ya wuce abin da ƙananan abin matsewa ke bayarwa, kuma yana lalacewa in an ajiye shi a wuri mai zafi. Da shi, dalmar 183 a ciki haɗari ce ƙarara.

9. Ramuka masu ratsawa

Cire fil da salatif, ka huda sauran ramukan da sabon baki. Fara da guda ɗaya a kusurwa, ka auna tsakanin wuta da giraun, ka leƙa ramin da tabarau. Bangon ramin ya zama launin FR4 tun daga sama har ƙasa. Ka hango ƙyallin jan ƙarfe a tsakiya, to hawan ciki ya goce, kuma wayar da za ka zura za ta taɓa shi. Ana ceto irin wannan rami da waya mai rufin enamel, a kankare bakinta biyu kawai.

Zura waya, like sama da ƙasa, kana sake auna wuta da giraun bayan kowane rami biyar ko goma, don in shot ya shigo, wato wuta da giraun sun haɗu, ka san inda yake. Ka tuna ramukan nan ba su da jan ƙarfe a bango: kayan da jikinsu ke zama daram a kan allo, irin su soket da manyan kafasita, ba za ka iya like su ta sama ba, don haka layukansu su fito daga hawa na 4. Ayan kada ya wuce daƙiƙa uku a wuri ɗaya, ifoksin gida yana laushi da wuri. Daga ƙarshe yanke gefen da ramukan fil suke, ka goge bakin, ka sake aunawa, domin zarto kan jawo silin jan ƙarfe ya haɗa shimfiɗun biyu a baki. Barin milimita 1 babu jan ƙarfe a kewayen hawan ciki yana hana wannan.

10. Ga mai son rabuwa da tudun dalma

Ana iya shimfiɗa jan ƙarfe a bangon ramukan 1 da 2 da na 3 da 4 da wutar lantarki, amma tsarin matakai zai canza: huda tukuna, shimfiɗawa, sannan fim da cin jan ƙarfe, domin wutar tana bukatar fuskar a haɗe take. Ana shafa wa bangon rami tawada mai ɗaukar wuta ko ruwan girafayit, a zuƙe rarar, a busar, a goge fuskar allon tas. Ruwan wankan ya ƙunshi kusan giram 75 na kofa salfet da giram 180 zuwa 200 na asid ɗin salfurik a lita, da ɗan kulorayid kaɗan. Allon yana kan waya mai alamar ragi, farantan jan ƙarfe biyu a gefe da gefe suna kan mai alamar ƙari. Amfiya 2 a kan kowane murabba'in santimita 100, a lissafa fuska biyun, yana ba da kusan maikuron 25 cikin awa ɗaya. Ka riƙa kaɗa allon gaba da baya don ruwa ya ratsa ramuka ya kori kumfa. Wuta ta yi yawa, jan ƙarfen zai fito baƙi-baƙi mai gari, ya taru a gefuna ya bar tsakiyar rami.

Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Wajen cin jan ƙarfe kuma, fim ya rufe bakin kowane rami ta fuska biyu kamar fatar ganga. Ko ɗaya ya fashe, sinadari zai shiga ya cinye bangon, sai ka koma wa waya a wannan ramin.